Zumuntar Mata: Addu'a Ce Ke Riƙe Ta Ko Tsari?

Rifkatu: Salamar Ubangiji gare ku iyayena da yayyena. Tambaya gare ni. Me ya sa za a ga zumuntar mata da ba ta wasa da addu'a, ga azumi, ga kwanan addu'a, amma a cikinta akwai ɓangare biyu ko uku da gaisuwar kirki ma ba ta haɗa su? Idan kowacce ta ba Allah zuciyarta ɗungum, ta ina rabuwar take shigowa? Don Allah ba wa'azi nake nema ba, abin da za a yi a aikace nake so in ji.

Mama Saratu: Amin 'yata. Amsar tana wurin nan da kika ce "idan". Yawan zuwa taro daban, miƙa zuciya daban. Yakubu 1:8 ya yi maganar mai zuciya biyu, wanda ba ya tsayawa a kan komai. A Zabura 86:11 kuwa roƙon da Dawuda ya yi shi ne Allah ya haɗa masa zuciyarsa wuri guda. Zuciyar da ta rabu a ɗaki ita ce take zuwa ta raba taro a majami'a.

Tunda aiki kike so, a fara daga ɗakin. Minti 30 a rana, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Minti 5 na yabo da godiya, ba roƙon komai. Minti 10 na karatu. Minti 5 ki rubuta amsar tambaya biyu: me wannan wurin ya nuna mini game da Allah, me kuma zan yi ko zan bari yau? Minti 10 na ƙarshe roƙo. A cikin roƙon nan dole sunan mace ɗaya da take yi miki wuyar sha'ani ya fito, kuma albarka za ki roƙa mata. Ba "Ubangiji ka nuna mata kuskurenta" ba, wannan ƙara ce kika kai. Ki roƙa mata abin da kike roƙa wa kanki: lafiya, zaman gida, 'ya'ya, abin hannu.

Abu uku ke kashe wannan. Farawa da sa'a biyu saboda zafin taron farkawa, kwana huɗu an gaji. Ajiye shi sai an gama aikin gida, aikin gida kuwa ba ya ƙarewa. Sai waya a hannu. Mai karatu a waya ta kashe data tukuna.

Malama Hannatu: In ƙara a kan minti 10 na karatun Mama, domin buɗe Littafi duk inda hannu ya faɗa ba ya kai mutum ko'ina. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, mako 52, ya ba ki 260 cif. Kin gama Sabon Alkawari a shekara, kuma kowane mako kina da kwana biyu na cike gurbi idan yaro ya yi zazzaɓi ko baƙi suka sauka. Mai son duka Littafin ta karanta sura 3 kowace rana, ranar Lahadi 5. Surori 23 ke nan a mako, za ta gama kafin shekara ta cika.

Inda akasari ake maƙalewa shi ne Littafin Firistoci da Littafin Ƙidaya. Maganinsa a haɗa da Zabura ɗaya ko ɗan yanki daga Bishara a ranakun. Wadda ba ta iya karatu ba ko idonta ya yi rauni, a haɗa ta da mai karanta mata, ko ta saurari wanda aka ɗauka a murya. Shawarata kuma, zumunta duka ta bi jadawali ɗaya. Mata biyu da suka kwana a kan sura guda suna da abin tattaunawa ban da labarin mutane.

Anti Lami: Mama ku gafarce ni, ban yarda cewa nan kaɗai matsalar take ba. Ku duba Filibiyawa 4:2-3. Afodiya da Sintiki ba 'yan bin taro ba ne. Bulus da kansa ya shaida cewa sun yi fama tare da shi a aikin bishara, ya lissafa su cikin abokan aikin da sunayensu ke cikin littafin rai. Duk da haka sun saɓa, har labarin ya iske shi a kurkuku. Me ya yi? Bai ce su ƙara azumi ba. Ya kira kowacce da sunanta, ya roƙe su ɗaya-ɗaya ba tare da ya ce ga mai laifi ba, sannan ya ɗora wa mutum na uku aikin taimaka musu.

Haka Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiya tana kan zafinta, ana ta tuba, sai ga gunaguni: ana manta gwaurayen masu jin Helenanci a rabon yau da kullum. Aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin. Tsari ke nan. Mai ibada ma tana iya taka 'yar'uwarta idan ba a shata wa kowa hanyarta ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Mama Saratu: Lami, ki ƙarasa karanta surar. Waɗanne irin mutum 7? Masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Kuma dalilin zaɓensu shi ne kada manzanni su bar addu'a da hidimar Maganar Allah, aya ta 4. Ki ba mai zuciya biyu kundin dokoki, da shi za ta yi yaƙi.

Anti Lami: Na yarda Mama. Amma ku ba mai zuciya ɗaya jakar kuɗi babu littafi, wata shida za a fara kallonta.

Talatu: To tunda an taɓo jaka. Ƙofa uku ce rabuwa take bi ta shigo zumunta: baki, kuɗi, kujera. Na kuɗin ya fi sauƙin toshewa, amma shi aka fi bari a buɗe saboda kunya.

Ga yadda baiko ya kamata ya bi. An gama karɓa, kwano ba ya shiga jakar kowa. Mata biyu su ƙirga a wurin, kafin a watse, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya ko aminan juna. Ɗaya ta ƙirga, ɗayar ta sake ƙirgawa. A rubuta jimla da lamba da kuma kalmomi, su biyun su sa hannu, a sa kwanan wata. Mai rubuta littafin kuɗi daban, ma'aji mai riƙewa daban. Kuɗin ya shiga banki a ranar aiki ta gaba, a asusun zumunta, ba asusun wata ba ko da ita ce shugaba. Masu sa hannu uku, biyu daga ciki su isa a fitar. Kowane wata uku a karanta rahoto a gaban kowa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da takardar banki a hannu. Sau ɗaya a shekara mata biyu da ba sa cikin kwamiti su bi littafin da rasit ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. A 2 Korintiyawa 8:18-21 Bulus bai aiki Titus shi kaɗai kan maganar gudummawa ba, ya haɗa shi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi. Ya ce suna lura da abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane.

Inda ake faɗuwa: rance daga jaka, "zan mayar ƙarshen wata", babu rubutu. Sai taimako da ba shi da ƙa'ida. Wata ta yi rashi an kai mata abu mai kauri, wata ta yi irin rashin an kai rabinsa, domin ta farkon tana da baki a kwamiti. Wannan rauni yana shekara goma bai warke ba. A zauna tun kowa tana lafiya a rubuta: haihuwa kaza, kwanciya asibiti kaza, rasuwa kaza, daidai ga kowa. Na ƙarshe, kiran suna da adadin abin da kowacce ta bayar. Marar hali za ta fara zama a baya, daga nan ta daina zuwa, a ce ta yi sanyi a ruhaniya.

Dinatu: Yaya Talatu, idan ma'ajin dattijuwa ce da ta daɗe tana riƙewa fa? Ba za ta ga kamar an ce mata ɓarauniya ba?

Talatu: Shi ya sa ba a kawo shi a tsakiyar zargi, ƙanwata. A kawo shi farkon shekara ko lokacin zaɓe, a matsayin dokar kujera ga duk wadda za ta hau. Kuma ita ya fi karewa. Ranar da wata ta ce kuɗi bai cika ba, sa hannun mutum biyu ne zai wanke ta, hawaye ba zai wanke ta ba.

Malama Hannatu: Bari in ɗauki ƙofar baki, don ita ce take shigowa sanye da rigar ibada. An zo lokacin roƙe-roƙe, wata ta miƙe, ta rage murya: "Mu tuna da wata 'yar'uwa, ba zan kira suna ba, kun dai san abin da ke tsakaninta da maigidanta tun da aka sauya masa wurin aiki." Kawuna sun sunkuya, amma kowace ƙwaƙwalwa tana lissafin mijin wa aka sauya wa wurin aiki. Kafin a ce Amin an gano ta. Mai maganar ta tafi gida tana ganin ta yi hidima.

Ƙa'idar da za ta hana wannan gajeriya ce. Ba a kawo damuwar wata gaban taro sai da izininta, ita ce kuma za ta faɗi iyakar abin da za a ambata. A faɗi bukata, a bar tarihi: "tana bukatar salama a gida" ya isa, Allah ya san sauran. Abu mai nauyi a kai shi ƙaramin rukuni na mutum 3 ko 4 da mai damuwar ta zaɓa da kanta. Abin da aka ji a nan ba ya zuwa kunnen miji, ba ya shiga saƙon murya. Magana zarar bunu ce.

Idan kuma an kawo miki labari, tambaya ɗaya ce: "Kin gaya mata?" In ta ce a'a, "To tashi mu je tare, ko ki je ke kaɗai, nan da mako zan tambaye ki." Sau biyu za ki yi haka, masu kawo labari su sauya hanya. Karin Magana 26:20 ta ce wuta takan mutu in babu itace. Mai saurare ita ma itace ce.

Rifkatu: Malama, idan an riga an ɓata fa? A bi mana Matiyu 18 dalla-dalla, don kowa tana ambatonsa amma ban ga ana binsa ba.

Malama Hannatu: Matiyu 18:15-17, hawa uku ne, kuma akasari daga na uku ake farawa.

Na farko, ke da ita kaɗai. Cikin 'yan kwanaki, kada ya wuce mako, amma ba a ranar da jini ke tafasa ba. Ido da ido, ba a rubuce ba, domin rubutu ba shi da murya kuma ana iya tura shi gaba. Magana ɗaya tak. Ki faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru da yadda ya taɓa ki, sannan ki yi shiru ki ji nata. Kalmomi uku kada su fito: "kullum", "ana cewa", "dama halinki ne". Da kin ce "ana cewa" kin shigo da taro cikin ɗakin, za ta bar maganar ta koma neman su wa suka ce. Manufar a ayar ita ce ki samo 'yar'uwarki, ba ki ci gardama ba.

Na biyu, idan ba ta ji ba, ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Kuskuren a nan shi ne ɗaukar ƙawaye. Ta buɗe ƙofa ta ga ku uku, ta san yaƙi ne. A nemi waɗanda ita ma take ganin girmansu, in da hali kowacce ta zaɓi ɗaya. Masu shiga tsakani su ji kowane gefe kafin su buɗe baki. Karin Magana 18:17 ta gargaɗe mu cewa mai fara kawo ƙara yakan yi kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo.

Na uku ne ikilisiya, ta hannun shugabanninta. Ba sanarwa a taron mata ba.

Ku tuna kuma Matiyu 5:23-24 ya juya abin: ko ke ce aka yi wa fushi, ke za ki ajiye baikonki ki je. Babu gefen da aka ce ya zauna jira.

Anti Lami: A nan akwai abin da yake ci mini rai. Sulhun dole. A tara mata, a yi waƙa mai sa kuka, a ce su rungumi juna, ba a ji abin da ya faru ba. Kuma kusan kullum ƙaramar ce ake cewa ta durƙusa, ko ita aka cuta. An rufe gyambo da ƙyalle, ruwa yana ciki. Luka 17:3 ya sa tsautawa da tuba a hanyar. Babba ma tana iya cewa "na yi kuskure", ba ya rage mata komai.

Sannan gafara daban, amana daban. Wadda ta fallasa asirinki kin yafe mata, ba ki riƙe ta a zuciya, kina gaishe ta, kina mata addu'a. Amma ba dole ki sake ba ta wani asirin gobe ba. Wadda ta taɓa jaka an yafe mata, ta biya, amma ba a mayar mata da jakar.

Abu na ƙarshe, kuma da nauyi nake faɗa. Idan mace ta zo da maganar duka, ko ana cutar da yaro, wannan ba na "je ki same shi ke kaɗai" ba ne, ba kuma na "ki ƙara haƙuri" ba. A fara kai ta inda ranta zai tsira, a kai ta asibiti in da rauni, a sanar da shugabanni da hukumar da abin ya shafa. Rufe irin wannan da sunan haɗin kai zalunci ne.

Mama Saratu: A wannan bakinmu ɗaya, Lami.

Mama Asabe: Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Saura kujera. A rubuta wa'adi: shekara 2 ko 3, kada a wuce zagaye biyu a jere. Zaɓe da takarda a asirce, domin ɗaga hannu a gaban wadda ta riƙe miki jariri ba zaɓe ba ne. Miƙa littattafai da makullai cikin wata ɗaya. Wadda ta sauka ta sauka da gaske. Idan mata suka ci gaba da bin gidanta da ƙorafi tana saurara, zumunta ta zama mai kai biyu. Ta mayar da su wurin sabuwar, ta ba da shawara idan an tambaye ta.

Amma abin da ya fi damuna shi ne 'yan Marta. Kowace zumunta tana da mata biyar ko shida da ke ɗauke da komai: shara, jera kujeru, hidimar baƙi, riƙon yara. Ana wa'azi suna waje. Shekara ta zagayo ba su ji koyarwa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ku karanta Luka 10:40, ku ga inda gajiyar Marta, wadda hidima ta sha wa kai ranar da Yesu ya sauka gidansu, ta sauka: a kan 'yar'uwarta, har da Ubangiji ta tambaya ko bai damu ba. Mai hidimar da ba ta zama, ƙarshenta ƙorafi. A raba mata rukuni huɗu, kowane rukuni mako ɗaya a wata, har da shugabanni da masu hali. Mako uku kowacce tana zaune tana ji.

Taron kansa, in minti 90 ne, Magana da addu'a su ci 60. Sanarwa da maganar gudummawa kada su wuce 15, kuma a ƙarshe. Idan aka sa su a farko sukan cinye taron, a yi addu'ar minti biyar da zukata a ɓace.

Dinatu: Mama, mu matasa kuma gaskiya wani lokaci tsoron manya muke ji. Daga shigowa sai gyaran ɗankwali.

Mama Asabe: Kin faɗi gaskiya 'yata. Titus 2:3-5 ya ce tsofaffi su koya wa matasa, amma ya fara da halin tsofaffin: kada su zama masu yanke. Gyara ba a gaban jama'a ake yi ba. Bilkisu da Akila da suka ga Afolos bai cika sani ba, gefe suka ja shi, Ayyukan Manzanni 18:26. A haɗa babba ɗaya da ƙanana ɗaya ko biyu, su riƙa haɗuwa sau biyu a wata, na wata shida, daga nan a duba ko za a ci gaba ko a sauya. Kada a haɗa suruka da matar ɗanta, kada a haɗa mace da wadda take aiki a ƙarƙashinta. Zama biyu na farko babbar ta saurara kawai.

Rifkatu: Azumi fa? Shi ma ina ganin yana raba mutane, masu kwana uku suna yi wa masu rabin yini wani kallo.

Mama Saratu: Ishaya 58:4 ya san wannan tun da daɗewa: ana azumi ana faɗa. In an sa azumin zumunta a faɗi dalilinsa da lokacin farawa da na buɗewa, kada kuma a tambayi kowa ko ta yi, Matiyu 6:16-18 ya hana mu nuna shi. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai gyambon ciki, da mai shan magani a kan lokaci, kada a matsa musu, su ji ta bakin likita. Su keɓe lokacin addu'ar tare da kowa. Matar aure kuma ta tuna 1 Korintiyawa 7:5, keɓewa domin addu'a da yardar juna ne kuma na ɗan lokaci. Kwanan addu'a da ya bar gida cikin rigima a sake duba shi.

Malama Hannatu: Wannan ya shafi haɗuwa da matan wasu ɗariku ma, kamar Ranar Addu'a ta Duniya da ake yi Jumma'ar farko ta watan Maris. Za a tarar da bambanci kan ado, rufe kai, yadda ake baftisma, addu'a da ƙarfi ko a natse. Romawa 14 ta ba da doka mai gefe biyu: mai yi kada ta rena marar yi, marar yi kada ta hukunta mai yi. A irin taron nan a tsaya a kan abin da Afisawa 4:4-6 ta lissafa, a riƙa karɓa-karɓa wajen masauki da jagora, kuma kada kowa ta zo farautar membobi. Da an ji ƙamshin haka, shekara mai zuwa rabi ba za su zo ba.

Dinatu: To idan na bi hawa na farko na Matiyu 18 ta ƙi ganina, na biyu ma ta ƙi?

Anti Lami: Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunki. Ki sanar da shugabanni sau ɗaya, ki bar shi a wurinsu. Gaisuwa kada ta yanke, in ta yi rashin lafiya ki je. Kada ki riƙa ba kowa labarin irin ƙoƙarin da kika yi, don wannan ma tara jama'a ne.

Mama Saratu: Sunanta kuma ya zauna a minti 10 ɗin nan na roƙo.

Anti Lami: Mama dai ba za ku bar mini ta ƙarshe ba.

Talatu: Kafin a watse, gyara ɗaya a abin da na rubuta. Cikin masu sa hannu uku ɗin nan, mai rubuta littafin kuɗi kada ta shiga. Shugaba, ma'aji, da mace ɗaya da taro ya zaɓa. Kuma kada a taɓa sa hannu a takardar cire kuɗi da ba a cike adadin ba, ko da tafiya za a yi.